CERN ko Cibiyar Kennedy: ina ya kamata mai son kimiyya ya kai kuɗin tafiyarsa?

Mai son kimiyya idan Allah ya hore masa kuɗin tafiya guda zuwa ƙetare, ba ta kasuwanci ba kuma ba ta asibiti ba, wurare biyu ne suka fi saurin faɗo masa a rai. Na farko Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida a Amurka, inda aka harba mutanen da suka taka duniyar wata. Na biyu CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, a gefen birnin Jeneba. Dukkansu suna karɓar baƙi. Sai dai kaɗan ne a cikinmu za su iya zuwa duka biyun, ga tsadar jirgi ga wahalar biza, don haka dole a zaɓi ɗaya. Wuraren kuwa ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Wanda ya nufi CERN da tsammanin irin abin da ake gani a Kennedy zai dawo gida ransa a ɓace.

A Kennedy abin da ka zo dominsa yana gabanka, har ka ɗaga kai ka kalle shi. A CERN yana ƙarƙashin ƙasa, kuma da wuya a bar ka ka gan shi. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka samo asali.

Mu fara da Florida. Cibiyar tana kan tsibirin Merritt, tafiyar kamar awa ɗaya a mota gabas da Orlando. Ba da ka aka zaɓi wurin ba. Yana kudancin Amurka, inda juyawar duniya ke ƙara wa rokar da aka harba gabas gudu fiye da a arewa, sannan gabas ɗin teku ce, duk abin da ya faɗo ba zai sauka a kan gari ba. Tikitin shiga ya haɗa da motar da ke zagayawa da baƙi, wadda ke wucewa ta gefen katafaren ginin da ake harhaɗa rokoki a ciki, mai tsayin mita 160, ta sauke ka a zauren Apollo, wato shirin Amurka na kai mutum wata. A nan ne roka Saturn V take kwance a kan ginshiƙai, mutane na tafiya a ƙarƙashinta. Tsawonta mita 111, wato ta ɗara filin ƙwallo, kuma idan aka cika ta da mai nauyinta yana kusan tan 3,000. Guda 3 kawai suka rage a duniya, wannan ɗaya ce daga ciki. Irinta ce ta tashi ranar 16 ga Yulin 1969 ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins, kuma dukkan mutum 12 da suka taka wata tsakanin 1969 da 1972 daga wannan fili suka tashi. Ka sha ganin hotonta a waya, amma gani ya kori ji: bakin injinanta 5 na ƙasa kaɗai, kowanne ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. A zauren akwai kumbon Apollo 14 na ainihi, akwai ɗan guntun dutsen wata da aka yarda ka taɓa da yatsa, akwai kuma ɗakin da aka jera tebura da na'urorin da aka yi amfani da su wajen harba Apollo 8 a Disambar 1968.

Abu na biyu da ke riƙe mutum shi ne kumbo Atlantis. Ya yi tafiya 33 zuwa sararin samaniya daga 1985 zuwa Yulin 2011, kuma da shi aka rufe shirin kumbunan da ke zuwa su dawo su sauka kamar jirgin sama. Shi ne ya kai 'yan sama jannati gyaran ƙarshe da aka yi wa madubin hangen nesa na Hubble a 2009. An ajiye shi a karkace, ƙofofin ɗakin kayansa a buɗe, ba a kuma goge jikinsa an yi masa sabon fenti ba. Tabon zafin da ya sha wajen shigowa iskar duniya yana nan a kansa. A ƙasan ginin akwai wani ɗaki da ba a hayaniya a cikinsa, inda aka ajiye ɓaraguzan Challenger da ya tarwatse a 1986 da na Columbia da ya tarwatse a 2003, tare da kayan mutum 14 da suka rasu a cikinsu. Ina ganin duk malamin da zai kai ɗalibai ya kamata ya tsayar da su a wannan ɗaki, domin a nan ake gane cewa ƙaramin sakaci a aikin injiniya rai yake ci.

Sannan ga babban abin da CERN ba ta da irinsa: wurin yana aiki a bainar jama'a. A 2024 an harba rokoki sama da 90 daga wannan gaɓar teku, mafi yawansu na kamfanin SpaceX. Wanda ya yi mako guda a yankin yana da kyakkyawar damar ganin tashin roka da idonsa, ya ga wuta tukuna, ƙarar ta iso shi daga baya. Wani lokaci ma gindin rokar yakan dawo ya sauka a tsaye. Ba sai ka biya ba, daga bakin ruwa a garin Titusville ko Cocoa Beach ana gani. Amma kada ka ɗaure dukan tafiyarka a kan rana ɗaya. Hadari, iska mai ƙarfi ko 'yar matsalar inji sukan sa a ɗage harbi saura 'yan mintuna, wani lokaci a ɗage har sau da dama.

Kennedy tana da nata aibin. Sashen baƙi wani kamfani ne ke tafiyar da shi da kuɗin tikiti, kuma hakan yana bayyana: layi, kiɗa, shagunan tsaraba, abinci mai tsada. Tikitin babba na yini ɗaya ya haura dala 70, ajiye mota daban, wuraren kallon manyan harbi ma sukan zo da nasu kuɗin. Ba za ka shiga inda injiniyoyi ke aiki ba. Labarin da ake bayarwa na Amurka ne daga bakin Amurka, wanda ke son jin yadda Tarayyar Sobiyat ta riga su kai mutum sararin samaniya, wato Yuri Gagarin, a 1961 sai ya nemi ƙarin bayani a wani wuri. Kuma bayanin kimiyyar bai cika zurfi ba. Wurin ya fi ƙwarewa wajen sa ka mamaki fiye da koya maka lissafin da ke bayan abin.

CERN kuwa ƙasashen Turai 12 ne suka kafa ta a 1954, shekaru kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu, don masanan da ƙasashensu suka gama yaƙar juna su yi bincike tare ba na makami ba. Babbar na'urarta, wadda aka fi sani da LHC, zobe ne mai kewayen kilomita 27, a zurfin kimanin mita 100, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasar Faransa. A cikinsa ake koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ke cikin tsakiyar zarra, ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, da gudun da ya kusa na haske, har kowace ƙwaya takan zagaye zoben sama da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya, sannan a gwara su a wurare 4. Abin da ke lanƙwasa hanyarsu manyan maganaɗisu ne guda 1,232, kowanne mita 15, waɗanda ake sanyaya su da ruwan hiliyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya. A wuraren karon akwai na'urorin da ke kama abin da ya fito. Biyu daga cikinsu su ne ATLAS, mai tsawon mita 46, da CMS, mai nauyin tan 14,000. Su biyun ne suka ba da sanarwa ranar 4 ga Yulin 2012 cewa sun gano ƙwayar Higgs, wadda aka yi hasashenta tun 1964 don bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyinsu. Shekara 48 ana jira. A 2013 aka ba Peter Higgs da François Englert kyautar Nobel.

Duk wannan da na lissafa, baƙo na yau da kullum ba ya ganin ko ɗaya da idonsa. Idan na'urar tana aiki ba a barin kowa ya sauka ramin, har ma'aikata, saboda tururi mai cutarwa irin na nukiliya da ke fita. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya sayi tikitin jirgi.

To me ake gani? Tun Oktoban 2023 akwai sabon ginin baƙi mai suna Science Gateway, wanda mai zanen gine-gine Renzo Piano ya zana, da manyan bututu biyu da gada da ta tsallaka titi. A ciki akwai ɗakunan nuni uku, ɗaya kan yadda na'urorin CERN ke aiki, ɗaya kan tarihin sararin samaniya tun farkonsa, ɗaya kan baƙuwar ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyi. Akwai ɗakunan gwaji inda yara daga shekara 5 zuwa manya ke yin aiki da hannunsu. Shiga kyauta ce, ana buɗewa Talata zuwa Lahadi. Sai zagaye da ɗan jagora, shi ma kyauta, wanda yakan kai ka ga na'urar farko da cibiyar ta gina a 1957, wadda ta yi aiki har 1990, da kuma sashen baƙi na ATLAS inda ake hango ɗakin da masu bincike ke zaune suna lura da karon. A ganina wannan zagayen shi ne ƙashin bayan ziyarar, kuma dalilin shi ne 'yan jagorar. Da yawansu masu bincike ne, injiniyoyi ko ɗaliban digiri na uku da ke aiki a wurin. Za ka iya tambayar mutum me yake nema a bayanan da ya tara a wannan makon, ya ba ka amsa. Ɗalibin fiziks da ya shekara yana haddar abin da bai taɓa haɗuwa da mai yin sa ba, awa ɗaya da rabi tare da irin wannan mutum za ta iya sauya masa tunani gaba ɗaya. Matsalar ita ce guraben kaɗan ne, kuma mai zuwa shi kaɗai ko da iyali sai ya iso wurin a ranar sannan yake yin rajista. Wanda ya makara ya rasa.

Masu harkar kwamfuta suna da nasu dalilin zuwa. A wannan cibiya ne Tim Berners-Lee ya rubuta shawararsa a Maris ɗin 1989 kan yadda masu bincike za su riƙa musayar takardu tsakanin kwamfutoci, abin da ya zama yanar gizo. Ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta sakar wa duniya fasahar ba tare da neman ko kwabo ba. Da an sa mata kuɗi a lokacin, Allah kaɗai ya san irin intanet ɗin da za mu samu a yau. Har yanzu bayanan LHC ana rarraba su ne ga cibiyoyin kwamfuta kusan 170 a ƙasashe sama da 40, domin babu cibiya ɗaya da za ta iya ɗauka.

Akwai wata dama da ya kamata a sa wa ido. Lokaci zuwa lokaci ana kashe na'urar na shekaru don gyara da ƙarin ƙarfi, kuma a irin wannan hutu ne ake samun sauka ƙasa. A Satumban 2019, cikin hutu na biyu, an buɗe ƙofa kwana biyu, mutum kimanin 75,000 suka zo. An tsara hutu na uku daga tsakiyar 2026 zuwa wajen 2030. Wanda burinsa ya tsaya gaban ATLAS ko CMS ya riƙa bibiyar sanarwar cibiyar a waɗannan shekaru.

Yanzu maganar aljihu da takarda, wadda ga yawancinmu ita ce ke yanke hukunci. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, na Shengen, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, yuro 90, kuma ba a mayar da ko ɗaya idan an hana. Amma abin ya wuce kuɗi. A Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan ƙasashe da dama ciki har da Chadi da Sudan, a Disambar shekarar kuma ta faɗaɗa matakin ya haɗa da Nijar, ta kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza har da ta ziyara. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka abu na farko shi ne duba shafin ofishin jakadanci a ga halin da ake ciki kafin a kashe ko sisi. Ita ma Shengen ba ruwan sha ba ce, ana hana kaso mai yawa na masu nema daga Afirka ta Yamma, kuma sai an nuna inshorar lafiya ta yuro 30,000, masauki, tikitin dawowa da bayanan banki masu tsabta. Bambancin shi ne ƙofarta a buɗe take ga mai cikakkun takardu, kuma biza ɗaya tana shigar da kai Suwizalan da Faransa da Jamus.

Jeneba gari ne mai tsada ƙwarai, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma faran ake kashewa ba yuro ba. Abin da ke rage zafin shi ne ba ka bukatar mota. Taram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 18 yana ɗaukar ka daga babbar tashar jirgin ƙasa ya ajiye ka a ƙofar CERN, otal-otal ɗin garin kuma suna ba baƙinsu katin hawa motocin gwamnati kyauta. Mai son sauƙi yakan kwana a ɓangaren Faransa, a Saint-Genis-Pouilly ko Ferney-Voltaire. A Florida kuwa babu motar haya ta kirki da ke zuwa cibiyar, ko dai ka ɗauki hayar mota ko ka biya motar masu yawon buɗe ido daga Orlando. Idan aka haɗa tikitin shiga na mutum huɗu da mota da mai da tsawon tafiyar jirgi, kyautar CERN takan cinye tsadar Jeneba.

Wasu ƙananan abubuwa ma suna da nauyi. Jeneba Faransanci ake yi, wanda ya zo daga Nijar, Kamaru ko Chadi ba zai ji baƙunta a titi ba, a CERN kuma Ingilishi da Faransanci duk suna tafiya. Agogonsu ɗaya ne da na Kano da Yamai a lokacin sanyi, awa ɗaya ya fi a lokacin zafi, alhali Florida tana bayanmu da awa 5 zuwa 6, abin da ke gajiyar da yara. Akwai babban masallaci a unguwar Petit-Saconnex tun 1978, abincin halal kuma ba ya wuyar samu a kusa da tasha. A Kennedy an yarda ka shiga da ɗan abincinka, kuma ya fi maka. Lokacin zuwa ya sha bamban: Florida daga Nuwamba zuwa Afrilu, domin daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne da tsawa da zafi mai gumi, Jeneba kuwa daga Mayu zuwa Satumba.

Abin da ke ƙara karkatar da ni zuwa Turai shi ne abin da ke kewaye da CERN. Yini ɗaya ya ishe ta, amma bizar tana hannunka. Ƙasa da awa biyu a jirgin ƙasa kana Bern, inda gidan da Albert Einstein ya zauna daga 1903 zuwa 1905 yake a buɗe ga baƙi. Kimanin awa 7 daga Jeneba ta Zurich kuma kana Munich, garin Deutsches Museum, ɗaya daga cikin manyan gidajen adana kayan kimiyya da fasaha a duniya, wanda Oskar von Miller ya kafa a 1903 kuma yake kan tsibiri a kogin Isar. Wannan gida shi ke cike giɓin da CERN ta bari, domin a nan komai a fili yake: injin Rudolf Diesel na 1897, teburin kayan gwajin da ke da alaƙa da gano fasa ƙwayar zarra a 1938, na'urar ɓoye saƙo ta Enigma, jiragen sama na da da na yanzu, a reshensa na sufuri kuma motar Carl Benz ta 1886. Rabin ginin yana cikin gyara, an sake buɗe rabin farko a 2022, amma abin da ke buɗe ma ya fi ƙarfin yini ɗaya. Makanike, mai gyaran janareta ko ɗalibin kwalejin fasaha zai fi samun abin kai wa gida a nan fiye da ko'ina.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Idan da yara ƙanana za ka tafi, ko da wanda bai damu da karatun kimiyya ba, kuma kana da bizar Amurka a hannu ko a can kake zaune, je ka Kennedy. Ba ta bukatar shiri, yaro ɗan shekara 7 da kakarsa duk za su fahimci abin da suke kallo. Ka ba ta kwana biyu, ka fara da motar zagaye da safe domin motocin ƙarshe suna tashi tun da sauran rana. Haka ma wanda mafarkinsa tun yarinta shi ne ganin roka ta tashi, babu abin da Turai za ta ba shi a madadin wannan.

Ga sauran kuwa, ɗalibi, malamin makaranta, mai rubuta manhaja, injiniya, duk wanda zai fara neman biza daga farko da fasfon Najeriya, Nijar, Chadi ko Sudan, shawarata CERN ce haɗe da Munich. Sharaɗin shi ne ka yi karatu kafin ka tafi, ka san mene ne furoton da dalilin gwara su, ka rubuta tambayoyinka a takarda. Bizar kuma a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema, ana iya shigar da takardu tun saura wata 6. Ka tsara kwana biyu a Jeneba waɗanda babu Litinin a cikinsu, ka kasance a ƙofar CERN kafin a buɗe a rana ta farko, idan gurbin zagaye ya kuɓuce maka kana da washegari.